Takardar Jinin Alhaji Tahir

Alhamis, 29 ga Yuli, 2021

'Yata Siddiƙa ta sauka lafiya. Namiji! Alhamdu lillahi.

Da hantsi ina shago ina goge hular wani mutum mijinta Mikail ya kira ni. Ban san sanda na bar dutsen guga a kan hular ba sai da ƙauri ya tashi. Mai ita da ya ji dalili dariya ya yi, ya ce ya yafe. Shekarata sittin da huɗu, sai yau na sami wanda zai ce min Kaka. Ni Ajimi mai wankin hula na rubuta wannan da hannuna, ni da ban iya rubuta sunana ba sai da gemuna ya yi fari. Malaminmu na ajin yamma ya ce mu riƙa rubuta abin da ya same mu don kada hannu ya manta. To ga abin da ya same ni.

Juma'a, 30 ga Yuli

Na je asibiti da dabinona a aljihu, don in tauna in sa wa yaro a baki. Ashe an riga ni. Alhaji Tahir, mahaifin Mikail, tun jiya ya yi masa kiran salla a kunne, ya ba shi dabinon Madina. Na same shi zaune da yaron a cinya, dogo siriri da tabaransa, kamar har yanzu yana ofishin ilimin da ya bari.

"Malam Ajimi, ka wanke hannu kuwa?" Abin da ya fara ce min ke nan. Na wanke. Shuɗin bula ne ya kama min farce, ba datti ba.

Na riƙe yaron kaɗan aka karɓe. Kunnuwansa nawa ne. Ba wanda ya faɗa, amma nawa ne.

Asabar, 31 ga Yuli

Matata Ya Kaltum, uwar Siddiƙa, wata guda tana gyaran ɗaki. Ta turara shi, ta sayi itace, ta ɗinka labule. Haihuwar fari ce, kowa ya san gidan iyaye mace take zuwa wanka har ta yi arba'in.

Alhaji ya ce a'a. Ya ce garin nan ba wuta tun watan Janairu, su a unguwar Jiddari Polo suna da sola da rijiyar burtsatse, mu a Fezzan damina ta cika mana kwata, sauro zai cinye jariri. Cikin ladabi ya faɗa, har da riƙe min hannu. Ladabin ne ya fi ƙona min rai, da faɗa ya yi da na san abin da zan ce.

Ya Kaltum ta rufe ɗakin.

Alhamis, 5 ga Agusta

Suna. An sa wa yaro Tahir. Da ma na sani, amma har liman ya buɗe baki ina sauraro ko zan ji Ajimi. Mutanen gidan Ba'ana suke kiransa, wato ƙaramin baba da Kanuri, tunda ba sa iya kama sunan tsohon.

Ruwa ya sauko ana tsakiyar addu'a, duk muka tattaru a falon Alhaji, an rufe tagogi, mutum ya fi hamsin. Aka kawo denderu, naman nan da ake dafawa cikin kitsensa har ya saki ƙashi, ga burabusko man shanu yana kwance a kai. Ni kuwa shekara guda ke nan Sista Felicitas ta asibitin unguwarmu ta raba ni da su. Ta ce kitse ya yi yawa a jinina, lambata ta kai shida da ɗigo takwas, ta haɗa ni da ƙwaya kullum. Sai na ɗebi gefen da ba mai na zauna ina tauna kamar akuya.

Alhaji ya leƙo kwanona ya yi dariya. "Malam Ajimi, azumi kake? Ni tawa lambar bakwai da huɗu ce, na fi ka. Ƙwayar tana cikin durowa tun watan Maris. Dube ni, ina kitsen yake?" Ya buga cikinsa da ba ya da shi, ya ɗauki guntun kitse ya jefa a baki. Mutane suka yi ta dariya.

Ya sami sunan, ya sami yaron, ya sami naman. Astagfirullah. Na dawo gida da yunwa.

Lahadi, 8 ga Agusta

Na shiga Keke Napep har Jiddari Polo, aka ce yaro yana barci. Da na dawo na ga hotonsa a wayar Ya Kaltum, idonsa biyu, a kafaɗar Alhaji.

Talata, 10 ga Agusta

An ce Alhaji yana mura da zazzaɓi, shi da wasu mutum uku da suka zo suna. Na ce Allah ya ba da lafiya. Da gaske nake, ina jin.

Alhamis, 12 ga Agusta

Yau ba zan iya rubutu mai kyau ba don murna.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Siddiƙa ce, da jaka, da baho, da YARON. Tarin Alhaji ya ƙaru, Mikail ya ji tsoron kada jariri ya ɗauka, ya ce su zo nan tukuna. Ya Kaltum ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito. Kafin la'asar an hura itace, tukunyar wanka tana tafasa.

Na riƙe shi daga la'asar har aka kira magariba, ba wanda ya ce in wanke hannu. Ya yi min fitsari a sabuwar riga. Na ce masa, to maƙwaci, ka zo ka ƙwace min mata, ka kuma ɓata min riga. Ya Kaltum ta ce ai ta riga ta zaɓi saurayi, ni in nemi wani wuri.

Sauron Fezzan bai cinye kowa ba.

Asabar, 14 ga Agusta

Ban je shago ba jiya, ban je yau ba. Hulunan mutane suna nan a jiƙe. In na yi masa magana da Kanuri shiru yake yi yana kallon gemuna. Siddiƙa ta ce jariri ba ya gani da nisa. Ita ta sani.

Lahadi, 15 ga Agusta

Mikail ya zo ganin ɗansa. Daga zaure ya tsaya da takunkumi a fuska, aka ɗaga masa yaron daga nesa. Yaron kirki ne Mikail, ba ni da abin cewa a kansa.

Na tambayi jikin Alhaji. Ya ce zazzaɓin bai sauka ba, amma akwai labari mai daɗi. Alhaji ya ƙi zuwa asibiti, ya ce in ya je za su ce korona ce su kulle shi inda ba mai ganinsa. Sai ya sa aka kai shi wurin masu gwajin jini, shi da kansa ya rubuta musu abin da za su duba: maleriya, taifot, ya ƙara da kitsen jini. Ba likita a ciki, shi ne likitan kansa. Maleriya babu, taifot babu. Kitse kuwa, Mikail ya zaro takarda ya miƙo min.

Uku da ɗigo biyu.

Na sa tabarau na sake dubawa. Daga bakwai da huɗu zuwa uku da biyu. "Baba ya ce a nuna maka," in ji Mikail yana 'yar dariya ta kunya. "Ya ce ka ga aikin denderu."

Ni shekara guda ba man shanu, ba ƙwai, ba tsire, ba fatar kaza. Shayi ma ba madara. Abin da na samu daga shida da takwas zuwa shida da ɗaya. Wannan mutumin yana cin kitse da hannu biyu ya faɗo da rabi. Har a cikin jini ma sai ya fi ni?

Na kwafe lambobin duka a bayan littafin nan. Jibi ranar ganin Sista ce, za ta yi min bayani.

Da zai tafi Mikail ya ce, "Da Baba ya yarda an kwantar da shi a asibiti, da na yi wa gidan feshi na maido su Siddiƙa, don Hajiya mahaifiyata ta dame ni da kewar jikanta. Amma tunda yana gida yana tari, sai su zauna nan har ya warke." Na ce ai nan ma gida ne, kada ya yi gaggawa.

Talata, 17 ga Agusta

Da faɗana na shiga. Sista Felicitas a garin nan ta tashi, babanta yana da shago a kasuwa, Hausa ba ta ɓoye mata komai. Na ajiye littafin a kan teburinta na ce, "Sista, kin cuce ni. Ga mutumin da ba ya shan ƙwaya, ba ya ƙin kitse, dubi lambarsa."

Ta fara dariya, tana cewa Baba Ajimi yau kuma da rigima ka zo. Da ta duba lambobin sai dariyar ta tsaya.

"Wannan mutumin lafiyarsa ƙalau aka ɗebi jinin?"

Na ce mura yake yi, da zazzaɓi, yau kwana takwas.

"Shekarunsa nawa? Yaya numfashinsa?"

Na ce ya kusa saba'in. Numfashi kuwa ban sani ba, ban je ba.

Abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe: wai idan ciwo irin na mura mai tsanani ya kama jiki sosai, sau da yawa lambar kitsen nan faɗuwa take yi, kuma an lura cewa waɗanda ciwon ya fi kayarwa su ne tasu ta fi faɗuwa. Ta sa biro a kan wani layi, ta ce wannan shi ne kitse mai amfani, wanda ake so ya yi sama, nasa ya yi ƙasa ƙwarai. Ta ce kuma mutumin da tun asali kitsen jininsa ba daidai yake ba, ga tsufa, in ciwon ya zo yakan fi jin jiki. Ta ce lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, ba a gane ciwon huhu da ita, amma wannan ba takardar murna ba ce.

"Baba, ba warkewa ya yi ba. Jikin ne yake shan wuya. Ku kai shi babban asibiti yau a auna iskar jininsa. Yau fa, ba gobe ba. Ɗan'uwanka ne?"

Na ce suruki ne.

"To ka kira su tun kana nan."

Na ce wayata ba caji. Ƙarya ce.

Na dawo gida na tarar an yi wa yaro wanka an shafa masa kwalli, Ya Kaltum ta miƙo min shi tun daga ƙofa. Yana ƙamshin turaren wuta. Na zauna da shi.

In na faɗa za a kwantar da Alhaji. In an kwantar da shi za a yi feshi. In an yi feshi mota za ta zo.

Ban kira ba. Na ce wa kaina Sista ba likita ba ce, kuma ba ta ga mutumin ba.

Laraba, 18 ga Agusta

Ban kira ba da safe. Na ce ai gidan 'yan boko ne, Mikail yana da digiri, wa zai saurari mai wankin hula. Na ce in na je Alhaji zai ce baƙin ciki nake yi da lambarsa. Kuma ba zai yi ƙarya ba, baƙin cikin ne ya kai ni wurin Sista.

Da la'asar Alhaji ya kira Siddiƙa, wai yana so ya ji kukan takwaransa. Ta buɗe muryar wayar kowa yana ji. "Siddiƙa." Shiru. "Ina." Shiru. "Ba'anan nawa." Sai tari. Mutumin da in ya fara magana a taro sai an ja masa riga. Kalma biyu yake yi ya tsaya, kamar mai hawa tudu da kaya.

Siddiƙa ta ce Hajiya tana ta ba shi man shanu da zuma, cokali uku safe da yamma, wai tunda takarda ta nuna kitsen jikinsa ya ƙare gara a mayar masa, shi ya sa ba shi da ƙarfi. Ta faɗa tana kallona, don ni ne mai zuwa asibitin kitse a gidan nan. "Baba, hakan daidai ne ko?"

Na ce Allah ya sa a dace. Na tashi na shiga banɗaki ba tare da ina jin komai ba.

Da aka kawo tuwo na ture shi gefe.

Alhamis, 19 ga Agusta

A sallar asuba na ɓata lissafin raka'a, a salla mai raka'a biyu. Da na fito masallaci ban shiga gida ba, don na san in na ga yaron zan zauna. Na tsaya a bakin titi har Keke ta farko ta zo.

A Jiddari Polo Mikail ya buɗe min, ya ba ni takunkumi. Alhaji yana falo a kan kujera, an tokare shi da matasai, don in ya kwanta ba ya iya numfashi. Ya rame, leɓɓansa sun yi duhu. Takardar tana kan tebur kusa da shi, an danne ta da tabarau.

Na gaishe shi, na faɗi abin da Sista ta ce. Ban iya faɗa da kyau ba, na haɗa gaba da baya. Hajiya tana bakin ƙofa tana ji.

Ya ɗaga hannu. "Malam Ajimi. Shekara talatin. Ina karanta. Takardu." Ya huta. "Kai da ka koyi. A da Ba. Da furfura."

Raina ya ɓaci, har na ɗora hannu a gwiwa zan tashi. Na ce a zuciyata to ka zauna da takardarka, ni ina da jika a gida. Wallahi na ce haka. Sai na ji bakina yana cewa, "Gaskiya ne Alhaji, ka fi ni karatu. To bar takarda. Karanta min Ƙulhuwallahu daga farko zuwa ƙarshe da numfashi ɗaya, in ka iya in tafi gida, ba za ka ƙara jin bakina ba."

Ya harare ni ta saman ido. Ya fara. A aya ta biyu ya tsaya. Ya sake farawa, bai kai inda ya kai da farko ba. Falon ya yi tsit, sai ƙarar ƙirjinsa.

Hajiya ta ce, "Mikail, ɗauko makullin mota."

Ni na riƙe shi ta hagu, Mikail ta dama. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A mota kansa a kafaɗata yake. A asibiti suka maƙala masa wani abu a yatsa, ma'aikaciyar ta duba, ta ƙwala wa wani kira, kafin in gane me ake ciki sun tura shi ciki sun sa masa robar iska a fuska. Tamanin da huɗu, in ji Mikail. Ya ce mai lafiya casa'in da biyar yake yi zuwa sama.

An ce in yi wanka in sauya kaya, kuma kada in kusanci jariri na wasu kwanaki. A ɗakin zaure zan riƙa kwana. Ina jin kukansa ta bango.

Asabar, 21 ga Agusta

Korona ce. Ba a shiga wurinsa. Mu ma duk an ɗebi namu gwajin.

Likita ya ce wa Mikail huhun biyu duk sun taɓu, da an ƙara kwana ɗaya da labari ya sha bamban, da kuma an zo da shi farkon mako da bai kai haka ba. Mikail ya tsaya a ƙofar zaure yana ta min godiya. "Baba, kai ka ceci mahaifina."

Farkon mako. Talata ke nan.

Na ce masa ya daina, Allah ne. Ya ɗauka tawali'u nake yi.

Lahadi, 22 ga Agusta

Ba sauƙi.

Litinin, 23 ga Agusta

Ba sauƙi. Sun ƙara masa iska. Ya Kaltum ta ajiye min abinci a bakin ƙofa, ta tsaya ba ta tafi ba. Na ce mata tun ranar Talata Sista ta gaya min. Sai ta ce, "Ni ma kullum in na idar da salla ina roƙon Allah ya ba Alhaji lafiya, amma ban taɓa cewa da wuri ba." Ta ɗauki kwanon jiya ta koma ciki.

Shekara arba'in muna tare, ban san tana da irin wannan a cikinta ba. Ita ma ba ta san nawa ba.

Alhamis, 26 ga Agusta

Ya sha kunu! Mikail ya ce ya sha rabin kofi, har ya yi wa ma'aikaciya gyaran Turanci. To, ya fara dawowa.

Gwajinmu ya fito, ba wanda ya ɗauka. Na riƙe yaro yau bayan kwana bakwai. Ya ƙara nauyi ba da izinina ba.

Asabar, 28 ga Agusta

An yi feshi. Mota ta zo.

Kwana goma sha shida suka yi, saura goma a yi arba'in. Ban roƙa ba. Ni na ɗauki bahon na sa a bayan mota. Siddiƙa ta ce, "Baba, ai za ka riƙa zuwa." Na ce in hulunan mutane sun bar ni.

Ya Kaltum ta bar ɗakin a buɗe wannan karon, wai ya sha iska.

Talata, 7 ga Satumba

An sallami Alhaji jiya. Yau arba'in, can aka yi. Ban je ba, na ce aiki ya taru. Hoto ya zo: yana zaune da sanda a gefe, yaro a cinyarsa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk da haka na ji abin nan ya taso min a ƙirji kamar da. Ashe bai mutu ba, abin.

Laraba, 22 ga Satumba

Alhaji ya aiko Mikail takanas, wai in zo. Na je.

An sake yi masa gwaji, wannan karon likita ne ya rubuta. Ya miƙo min takardar da kansa ya ce in karanta. Shida da ɗigo tara. Ya ce likita ya yi murna da ta hau, wai alama ce jiki ya fara komawa yadda yake, amma yanzu dole ya sha ƙwaya ya bar kitse, kuma ya riƙa tafiya a ƙasa kaɗan kaɗan. "Ta sauka an ce ciwo, ta hau an ce ciwo. Malam Ajimi, wace irin lamba ce wannan?"

Na ce masa tawa ta makon jiya biyar da tara ce. Na faɗa sau biyu don ya ji da kyau. Allah ya yafe min, daɗin da na ji ba kaɗan ba ne.

Aka kawo mana burabusko da miyar kuɓewa, ba ɗigon mai. Ya juya cokali ya juya. "Haka kake ci? Shekara guda?" Na ce in ya sa yaji da daddawa sosai zai wuce. Ya ce wannan ai horo ne, ba abinci ba.

Da Mikail ya fita sai na faɗa masa. Ban shirya ba. Na ce, "Alhaji, ranar Alhamis na zo, amma tun Talata na sani." Ya tambayi me ya hana ni. Na ce yaron.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na ɗauka zai kira Mikail ya ce a raka ni ƙofa. Sai ya ce, "Ni tun Lahadi na san ba lafiya ba ce. Mutumin da ba ya iya hawa matakala uku ai ya san takarda ba ta warkar da shi ba. Tsoro nake ji, sai na ɓuya a bayanta." Ya mayar da tabaran. "Kwana biyun nan kuwa ban yafe ba tukuna. Sai na yi tunani."

Na ce ya yi tunaninsa, ba gaggawa.

Asabar, 2 ga Oktoba

Yau kwana na tara ina zuwa Jiddari Polo bayan asuba. Ba don komai ba, ni ma Sista ta ce in riƙa tafiya, kuma gefen filin folo ya fi lungunan Fezzan shimfiɗa. Mikail yana fita aiki da wuri, Hajiya ƙafarta ciwo, in ban je ba mutumin nan ba zai taka ko nan da ƙofa ba, sai ya zauna yana karanta jarida yana gyara wa masu jarida rubutu. Kuma ai hanya ce ta ganin jikana kullum ba tare da an ce yana barci ba.

Ranar farko bishiya uku muka wuce ya nemi wurin zama. Yau mun kai ta goma sha ɗaya. Ni nake ƙirgawa, shi yana musu, wai sha biyu ce. Surutunsa ya dawo gaba ɗaya, tun daga ƙofa har muka juyo yana ba ni labarin yadda aka lalata makarantun firamare, bai tsaya jan numfashi ba sai sau biyu. Na ƙirga wannan ma, ban gaya masa ba. Hularsa duk ta karye ta yi maiƙo a baki, ban san wa yake wanke masa ba, na karɓo zan gyara don abin kunya ne a gan shi tare da ni da ita.

Har yanzu bai ce ya yafe ba. Har yanzu yana ce min Malam Ajimi da muryar nan tasa ta ofis.

Sai da Keke ta sauke ni a Fezzan, Ya Kaltum ta tare ni tana tambaya ko kurajen wuyan yaron sun baje, sannan na tuna yau ban shiga cikin gidan ba. A ƙofa na ajiye Alhaji na juyo. Na ce mata sun baje. Gobe sai in duba.